Lasifikar Masallaci Ta Yi Shiru: Laifin Inji Ne Ko Na Wuta?

Al'ada ce ga 'yan Arewa mazauna Kurmi, in Allah ya buɗa, su haɗa kuɗi su sayi injin ƙara murya, watau amfilifaya, su aika wa masallacin unguwarsu a gida. 'Yan Adamawa da ke Ikko da Badun su ma haka suke yi. Akan shiga kasuwar Alaba a zaɓi inji, a gwada shi a ji murya rangaɗaɗau, a ɗora a mota sai Jimeta ko Yola. Ba a jima ba sai saƙo ya iso cewa inji ya mutu, ladan ya koma kiran salla da baki. Daga nan sai zargi, wasu su ce ɗan kasuwa ya yi cuta, wasu su ce wanda aka aika ya ci kuɗin jama'a. Alhali sau da yawa laifin na wutar da aka sa wa injin ne.

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce, ta Japan kuwa 100. Saboda haka duk injin da ya shigo a matsayin na hannu, wajibi ne a karanta rubutun da ke bayansa tun a kasuwa. In an soka na 120 a soket ɗin nan ba tare da taransifomar rage wuta ba, nan take zai ƙone.

Yola tana can ƙurewar layin wutar ƙasa, wanda ya biyo ta Jos da Gombe. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta daɗe da rushewa, ko da yake sunanta bai bar bakin mutane ba. A 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, na Yola shi ke da Adamawa da Taraba da Barno da Yobe. A watannin Maris da Afrilu zafi a bakin kogin Binuwai yakan wuce digiri 40. Kowane gida ya kunna fanka da firiji, taransifomar unguwa ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta, wuta ta yi ƙasa. Alamarta a lasifika ita ce murya ta shaƙe tana karkarwa, ko inji ya riƙa ɗaukewa, musamman tsakanin magariba da lisha.

Wuta mai yawa ta fi wannan ɓarna. In wayar nutiral ta tsinke a kan falwaya, wutar wani gida tana iya haurawa har ta doshi bolt 400. Haka kuma lokacin da aka dawo da wuta takan zo da fizga. Shi ya sa in an ɗauke, abu na fari shi ne a zare inji daga soket. Da damina ma, in hadari ya taso da walƙiya, a zare, domin doguwar wayar da ta hau hasumiya tana iya jawo tsawa. In da janareta ake aiki, a tayar da shi ya daidaita tukuna kafin a kunna inji, a kuma kashe inji kafin a kashe shi.

Sai gurnanin nan da akan ji a ƙarƙashin muryar liman. Gano tushensa ba wuya. A cire makirufo da dukkan wayoyin da ke shiga inji, a rage murya. In gurnani ya ɓace, to, wayar makirufo ce ta ɓare, ko an shimfiɗa ta kafaɗa da kafaɗa da wayar lantarki, ko kuwa ginin ba shi da wayar ƙasa. In bai ɓace ba, galibi manyan kondensa na ciki ne zafi ya busar. Yawancin injunan masallaci suna da wurin sa batir. In an gwada da batir murya ta fito tas, an san cutar tana wajen wuta ne, ko sashen injin da ke karɓarta.

Abu biyu ne ba a wasa da su. In fis ya ƙone, a sa irinsa daidai, kada a naɗa masa waya ko takardar taba, don shi ne mai gadin inji. In sabon ya sake ƙonewa, sai a tafi wurin mai gyaran rediyo. Sa'an nan kada wanda bai iya ba ya buɗe murfi, domin kondensa takan riƙe wuta ko bayan an zare soket.

Saboda haka masu aika inji gida su sa kuɗin sitabilaiza da batir da 'yar mitar awon wuta a cikin lissafi tun farko, su kuma nemi mutum guda a unguwa wanda kunnawa da kashewa za ta zama a hannunsa. Rigakafi dai ya fi magani.