Kafin Magini Ya Rufe Bango

Duk wanda ya taɓa zama a tsohon gida ya san halin bututun ƙarfe: ka buɗe famfo da safe, ruwa ya fito ja-ja-ja saboda tsatsa, shekara na tafiya hanyar ruwan na ƙara tsukewa. Shi ya sa yau in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, bututun roba ne jibge ko'ina. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, ga sauƙin kuɗi. Sai dai sauƙin nan ne ya sa kowa ya zama mai aikin famfo, har wanda jiya-jiya yake riƙe wa maigidansa zarto.

Ba duk roba ce ɗaya ba. Akwai PVC, fari ko ruwan toka, wanda ake haɗawa da gam. Na ruwan sanyi ne. Zafi ya haura digiri 60 sai ya fara laushi, don haka kada a kai shi bakin hita. Ko a cikinsa ma akwai mai kauri da ke jure ƙarfin ruwa, akwai marar kauri na fitar da ruwan datti. Wasu don neman rarar kuɗi sai su sa na biyun a gurbin na farko, maigida bai sani ba. Sannan akwai PPR, galibi kore, wanda ke ɗaukar ruwan zafi. Shi ba ruwansa da gam. Na'ura ake jonawa a wuta ta kai wajen digiri 260, a narka bakin bututun da cikin mahaɗin, a cusa su zama abu guda.

Bututu ba kasafai yake fashewa a tsakiya ba. A mahaɗa ake samun yoyo, nan ne kuma ake gane gwani. Na taɓa tsayawa kan wani dattijon ma'aikaci yana haɗa PVC: ya yanka daidai ba karkace, ya kankare ɓurɓushin bakin da wuƙa, ya goge ƙura da tsumma, ya shafa gam ciki da waje, ya tura yana ɗan murɗawa, sannan ya riƙe kamar rabin minti bai ko motsa ba. Gam ɗin ba manna yake yi kamar na takarda ba, narkar da fatar robar yake, shi ya sa ƙura ko laima ke ɓata shi. A PPR kuwa, in aka bar shi ya daɗe a wuta, robar kan taru a ciki ta toshe hanya. Daga waje aiki tsaf, amma shawa sai ɗigo.

Wurin da roba ta haɗu da ƙarfe, wato kan famfo, shawa ko tankin masai, shi ma yana son hankali. A nannaɗa farin tef ta ɓangaren da za a murɗa, a ɗaure da hannu, sifana ta ɗan ƙara kaɗan. Mai nuna ƙarfi yakan tsaga robar. Ya fi kyau a sayi mahaɗi mai bakin tagulla, kuma a sa wa kowane banɗaki makullin ruwa nasa, don kada gyaran famfo ɗaya ya hana gida duka alwala. Bututun da ke saukowa daga tanki a rufe shi ko a yi masa fenti, domin ranar ƙasar nan tana busar da PVC har ya riƙa karyewa kamar kara.

Ranar da aka gama shimfiɗa bututu, magini zai zo yana gaggawar filasta. Ka ce masa: “Malam, a dakata tukuna.” A toshe bakunan duka, a cika tanki, a saki ruwa ya kwana a ciki. Da safe ka bi kowace mahaɗa da busasshen yatsa. Kafin a shafa siminti kuma, ka ɗauki hoton bangon da wayarka, saboda ranar da kafinta zai zo kafa ƙusa.