Ƙwayoyin maganin da ba a dakawa: Abin da ya kamata masu hawan jini da ciwon suga su sani

A gidaje da dama a Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu, idan tsoho ya kasa haɗiye ƙwayar magani, dabarar sananniya ce: a sa ta tsakanin cokali biyu a murƙushe, a zuba a kunu a ba shi. Wani kuma tsadar magani ce ke sa shi raba ƙwaya gida biyu, rabi yau rabi gobe. Dakan bai cika zama matsala ba idan farasitamol ne. Amma akwai ƙwayoyin da ke zama haɗari da zarar an daka su.

Su ne waɗanda aka ƙera domin su riƙa sakin magani a hankali, tsawon awa 12 ko 24. Da yawansu an cuɗa maganin ne da wani sinadari wanda idan ya sha ruwa a cikin ciki sai ya kumbura, ya yi kauri da yauƙi kamar miyar kuka, ya lulluɓe ƙwayar. Masana na kiran irin wannan abu haidurojel. Duk uwar da ta taɓa ganin yadda famfas ɗin jariri ke shanye fitsari ya daskare ta ga ɗan'uwansa. Ta cikin wannan lulluɓi maganin ke tsatsafowa kaɗan-kaɗan yayin da ƙwayar ke bin hanji, shi ya sa guda ɗaya ke wadatar da mutum yini da kwana.

Fasahar ta daɗe. A 1960 ne masana biyu na ƙasar Chekoslobakiya, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, suka wallafa bincikensu kan haidurojel da za a iya sa wa a jikin mutum, wanda daga gare shi aka samo gilashin ido mai taushi da ake mannawa a ƙwayar ido. Yau ana amfani da shi har wajen rufe ƙuna da gyambo.

To idan aka daka ƙwayar, an rushe lulluɓin ke nan tun kafin ya haɗu. Maganin yini guda sai ya shiga jini lokaci ɗaya. Mai shan nifedipine na hawan jini, jininsa na iya faɗuwa farat ɗaya, jiri ya ɗebe shi ya faɗi. Mai shan gliclazide na ciwon suga kuwa, sugansa ne ke iya yin ƙasa fiye da kima, abin da ya fi muni ga mai azumi. Daga baya kuma, can da dare, babu sauran magani a jiki, cutar ta dawo yadda take.

Alamar tana jikin kwali: haruffa irin su SR, XR, MR, LA, ko kalmar Retard a bayan sunan maganin. Sai dai a nan gizo ke saƙar, domin mutane da yawa a kemis suke sayen magani kati ɗaya, wani lokacin ma ƙwayoyi a ƙulle a leda, ba kwali ba takarda. Wanda ya karɓo magani a asibitin Rasheed Shekoni ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu yana da damar tambayar mai ba da magani kafin ya bar tagar: ana raba wannan? Ana daka shi? Wasu, kamar Diamicron MR mai miligiram 60, suna da tsaga a tsakiya, ana iya raba su biyu, amma ba a dakawa ba a taunawa. Wanda haɗiya ke yi wa wuya, likita na iya sauya masa wani nau'in.

Abin sha'awa, Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Ƙaron dakwara, wanda gwamnatin Saminu Turaki ta ƙarfafa dasa itacensa, kamfanonin magani na amfani da shi wajen ɗaure ƙwaya, masu bincike kuma na gwada haɗa haidurojel da shi. Shi kaɗai narkewa yake a ruwa, sai an sarrafa shi tukuna yake riƙe magani, kuma a ɗanyensa ake fitar da mafi yawansa waje.

Akwai kuma abin da ke tsorata masu shan metformin XR: wani lokacin sukan ga abu mai kama da ƙwayar a bayan gida, su ɗauka ba ta narke ba, su ƙara wata. Ɓawon ne kawai ya fito, maganin ya riga ya shiga jiki.