Shamuwa Ba Ta San Rani Ba

Da an yanke gero, dawa ta fara ja, sai a wayi gari tsamiyar bakin kasuwa ta yi tsit. Sheƙunan kirare suna nan a rassa, ƙasan bishiyar fari fat da kashin tsuntsu, amma masu gidan sun yi gaba. Zuwan shamuwa kowa yana lura da shi, domin manomi kan fara gyara fartanya tun ranar da ya hango ta. Tafiyarta kuwa, a wajejen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ba mai rakiya, hankalin kowa yana kan girbi da sussuka.

Ita ce ƙarama a duk danginta masu dogon wuya da dogayen ƙafafu: tsayinta bai cika kai santimita 75 ba, nauyinta kilo ɗaya da ɗoriya. Baya baƙi mai sheƙi, ciki fari, gwiwoyi da yatsu ja kamar ta sha lalle. Lokacin ƙwai fatar fuskarta kan koma shuɗiya, da ɗan ja a gefen ido. Takan saka ƙwai biyu ko uku, a kan kuka ko tsamiya ko ma rufin ɗaki, a tsakiyar gari, ba ta shakkar kowa.

Me zai sa ta ji tsoro? An ɗauke ta mai kawo ruwa, yaron da ya ɗaga mata danƙo kuwa sai ya sha faɗa wurin tsofaffi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma a kanta maganar ta faɗa daidai, don duk marka da iskar Agusta a saman bishiya suke samun ta, ta baje fukafukai a kan 'ya'yanta. Sai dai gaskiyar lamarin, bin ruwan take yi ba jawo shi ba, ruwan ma ba don kansa ba. Fara take nema, da tsutsar da ke cin ganyen shuka, su kuma sai ciyawa ta tsiro suke yawaita. A ganina kakanninmu ba su yi asarar wannan kariya ba ko kaɗan. Ko ba ta kawo ɗigo ɗaya ba, garken da ya wuni yana tsintar fara a gona ya biya kuɗin hayar tsamiyarsa.

Balbela aka yi wa kirari da ci da motsin wani, amma shamuwa ma ba baya ba ce. A cinna wa daji wuta, za a gan ta tana takawa a gefen hayaƙi, tana cafke ƙwarin da zafi ya koro. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji Hausawa. Gidan su shamuwa kuwa kusan ba su da kuka, sai ɗan fito mai rauni da ƙwanƙwasa baki a kan sheƙa.

Idan damina ta ɗauke a nan, can kudu take sauka. Shi ya sa garkunan kan jira rana ta ɗaga, iska mai zafi ta fara tashi daga ƙasa, su yi ta shawagi suna hawa ba tare da kaɗa fiffike ba, sannan su miƙe gabas da kudu. Masu bincike da suka ɗaura wa wasu na'ura a Jamhuriyar Nijar sun bi sawunsu har Tanzaniya. Daga Nuwamba zuwa Maris ana ganin garkunansu a Zambiya, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda manoman can ma ke murna da su. Damina biyu take ci a shekara, hunturu da rani sai dai ta ji labari.

Tana fita, wasu baƙi suna shigowa. A fadamun Haɗeja da Nguru, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsaye masu yawo a taɓo sukan sauka dubu-dubu, sun tsallako Bahar Rum da Sahara daga Turai da Rasha. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona ta ƙasar Bade a 1989. Cikin baƙin har da babbar 'yar'uwar shamuwa, fara mai jan baki, wadda Turawa ke barin ta yi sheƙa a rufin gidajensu kamar yadda muke barin tamu. A 1822 aka harbo irinta a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuya, ta yi doguwar tafiyar nan da shi. Gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostock, kuma tana cikin hujjojin da suka nuna wa Turawa inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi.

Waɗannan baƙi ba su sami gatan shamuwa a wurinmu ba. Muna cewa baƙonka annabinka, amma tarko da raga ke tarbar su a bakin ruwa. Fadamar kanta ta ragu tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, abin da masunta da manoman shinkafa na Nguru ke kuka da shi.