Binciken Ƙanƙarar Tekun Aktik Da Abin Da Yake Nufi Ga Cinikin Duniya

Tun shekarar 1979 masana kimiyya suke amfani da tauraron ɗan Adam wajen auna faɗin ƙanƙarar da ta rufe tekun Aktik, wato tekun da ke can ƙuryar arewacin duniya. Sakamakon wannan awo a yau ya zama abin da kamfanonin jiragen ruwa da na inshora da masu cinikin iskar gas suke sa wa ido, domin da shi ne ake gane lokacin da hanyar ruwa za ta buɗe a arewacin Rasha.

Ƙanƙarar teku ruwan gishiri ne da ya daskare yana yawo a saman teku. Takan yaɗu a lokacin hunturu, sa'an nan ta narke a lokacin zafi har ta kai mafi ƙarancin faɗinta cikin watan Satumba. A shekarun 1980 abin da yakan rage a wannan wata yakan kai wajen murabba'in kilomita miliyan 7. A shekarar 2012 kuwa ya sauko zuwa kimanin miliyan 3.4, mafi ƙaranci tun da aka fara awon. Bisa ƙididdigar masana, ƙanƙarar Satumba tana raguwa da wajen kashi 12 cikin ɗari a kowace shekara goma.

Ɗumamar yanayi ce tushen al'amarin, amma akwai abin da yake ƙara masa sauri. Farar ƙanƙara takan mayar da fiye da rabin hasken rana sama, shi kuwa buɗaɗɗen ruwan teku yakan shanye fiye da kashi 90 cikin ɗari. Saboda haka duk inda ƙanƙara ta janye sai ruwa ya ƙara ɗumi, ɗumin kuma ya narkar da wadda ta rage.

Faɗi kaɗai ba ya isar matuƙin jirgi, sai ya san kaurin ƙanƙarar. Don haka ne hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba tauraron CryoSat-2 a shekarar 2010 domin auna kauri. Har ila yau, daga Satumba 2019 zuwa Oktoba 2020, jirgin bincike na ƙasar Jamus mai suna Polarstern ya yi aikin MOSAiC, inda aka bar shi ya maƙale cikin ƙanƙara tana tafiya da shi, masana daga ƙasashe 20 suna auna iska da ruwa da ƙanƙarar kanta. An kashe wa aikin wajen Yuro miliyan 140.

Ta fuskar ciniki, ribar hanyar arewa ita ce gajarta. Daga Rotadam ta ƙasar Holan zuwa Yokohama ta Japan tafiyar kimanin kilomita 20,000 ce ta mashigin Suwes, amma ta arewacin Rasha wajen 13,000 ce. A watan Agusta 2017 jirgin dakon iskar gas mai suna Christophe de Margerie ya bi wannan hanya daga Norwe zuwa Koriya ta Kudu cikin kwana 19, ba tare da rakiyar jirgin fasa ƙanƙara ba.

Duk da haka hanyar ba ta kama ƙafar Suwes ba. A shekarar 2023 an yi dakon kaya kimanin tan miliyan 36 ta cikinta, akasarinsu mai da gas da ma'adinan Rasha, alhali nauyin jiragen da suka ratsa Suwes a wannan shekara ya haura tan biliyan ɗaya. Iska takan kaɗa ƙanƙara ta toshe mashigi ba zato, jiragen da za su jure mata suna da tsada, kuɗin inshora kuma yana da yawa. Kamfanin Maersk ya gwada hanyar da jirgin kwantena a 2018, ya kuma bayyana cewa bai ɗauke ta a matsayin madadin hanyoyin da aka saba ba.

Inda abin ya shafi Nijeriya shi ne kasuwar iskar gas. Tun 1999 kamfanin NLNG yake fitar da gas daga tsibirin Boni zuwa Turai da sauran kasuwanni. A Disamba 2017 masana'antar Yamal ta Rasha ta fara lodi a tashar Sabetta da ke gaɓar Aktik, ta shiga neman masu saye a waɗannan kasuwanni. Muddin lokacin buɗewar teku ya ƙara tsawo, kai gas ɗin Rasha gabashin Asiya zai ƙara sauƙi, wanda hakan ka iya taɓa farashin da Nijeriya take samu. Ya kamata masu hulɗa da wannan kasuwa su riƙa duba alƙaluman ƙanƙarar da cibiyar NSIDC ta Amurka take fitarwa kowane Satumba, kamar yadda suke duba farashin ɗanyen mai.