'Yar Wa Ce Madaki Auwa?

A Yamai aka ɗaura mini wannan ƙulli, a kasuwar Petit Marché da Zabarmawa ke kira Habu Ganda, tun kafin gobara ta tashe ta. Na tsaya sayen tattasai, sai wani dattijo, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, da ke jire wa ɗansa rumfa, ya ji Hausata ya ce, "Bakano ne?" Na ce, "Eh, Baba." Ya ajiye rediyonsa a kan buhun albasa, ya ce to, in durƙusa in gai da kawuna. Wai sarakunanmu na dā jikokin Mamar ne, wato Askiya Muhammadu na Gawo, sarkin Sangai, domin 'yarsa Auwa ce ta auri Muhammadu Rumfa. Ya ƙara mini gyaran tattasai uku, ya ce rabon ɗan 'yar'uwa ne.

Na ci tattasan, amma maganar ta tsaya mini a maƙoshi. Ba ranar na fara jin ta ba, har a wasu littattafai akan ci karo da ita. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tambayi inda ta samo asali.

Da na koma gida sai na fara da Tarihin Kano, littafin nan da Palmer ya juya zuwa Ingilishi a 1908. Auwa tana ciki, kuma ba a gefen tabarma ba. Ita ce uwar Sarki Abdullahi, wanda ya gaji Rumfa a 1499. Lokacin da Abdullahi ya fita yaƙi Katsina da Zazzau, Dagaci ya shirya tawaye a bayansa, kwarjinin Auwa ne ya hana garin yamutsewa har ɗanta ya dawo. Ta gina gida da aka riƙa kira da sunanta. Da jikanta Muhammadu Kisoki ya hau a 1509, da ita aka riƙe gari, tare da uwarsa Iya Lamis. Duk wannan an rubuta. Sunan ubanta ne babu, Askiya kuwa ko a mafarki marubucin bai ambace shi a wurin ba.

Bari in ɗan ratse kan sarautarta ta Madaki. Madaki dai shugaban mahaya ne, sarautar maza ta fagen fama. Ni na fi karkata ga cewa Mai Ɗaki aka ce, alƙalami ya tauye shi, tunda har yau Mai Babban Ɗaki ake kiran mahaifiyar Sarkin Kano.

Shirun marubucin kan ubanta ba hujja ba ne, saboda haka na koma ƙidayar shekaru. An haifi Askiya wajejen 1443, bai zama sarki ba sai 1493, bayan ya ture Sonni Baru, ɗan Sonni Ali. Shekara shida kacal bayan haka ɗan Auwa ya riga ya zama namijin da ke jan rundunar yaƙi. Shekara goma sha shida bayan hawan Askiya jikanta na kan gado. Ashe ke nan an kai Auwa gidan Rumfa tun Askiya yana barden wani. Idan aka matsa lissafi, aka ce kowa a zuriyar ya haihu yana ɗan sha shida ko sha bakwai, zai iya shiga da ƙyar, kamar ƙafar babba a takalmin yaro. Amma ko ya shiga, labarin da ake so ya rushe, don ba auren sarki da 'yar sarki ba ne kuma. Rumfa, sarkin da ya kafa kasuwar Kurmi, ya fara busa kakaki, ya kawo kulle cikin fada, me zai kai shi neman 'yar wani jarumi har Gawo?

Abin da ya fi kama ni shi ne Guli. Tarihin Kano ya ce ɗan'uwan Auwa ne, kuma ya yi ƙarfi ƙwarai a zamanin Kisoki. Da Kisoki ya rasu a 1565, Guli ne ya tuɓe ɗansa Yakufu bayan wata huɗu da 'yan kwanaki, gari ya rabu biyu tsakaninsa da Galadima Sara Katuniya, har Galadima ya kashe shi. Idan Auwa 'yar Askiya ce, to Guli ma ɗan gidan Askiya ne, ɗan'uwan Askiya Dawuda da ke mulki a Gawo a daidai wannan lokaci. A ce ɗan sarkin Sangai yana zaune a Kano yana naɗawa yana tuɓewa, marubucin ya yi gum? Wannan marubuci fa ba ya barin baƙo ya wuce bai tambaye shi daga ina ba. Ya faɗi cewa Wangarawa daga Mali suka zo, ya faɗi cewa Dagaci na farko daga Barno ya fito a zamanin Sarki Dauda. Guli kuwa ya ambace shi kamar yadda ake ambaton ɗan gari wanda kowa ya san gidansu. Mutum ba ya iya tayar da yaƙin basasa sai yana da dangi da bayi da masu cin tuwonsa. Nan na fara ganin inda ƙarfin Auwa ya fito: tushenta a ƙasar Kano yake.

Saura tambaya ɗaya. Idan ba gaskiya ba ne, wa ya kawo 'yar Askiya cikin zancen?

Amsar tana Italiya. Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnada da ya tashi a Fas, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya gama littafinsa a kan Afirka a Rum a 1526, aka buga shi a Benis a 1550. A ciki ya ce Askiya ya yi wa Kano doguwar ƙawanya, ya rinjayi sarkinta, ya sa shi ya auri ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata, ya kuma ɗora masa biyan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsa. Bai faɗi sunan sarkin ba, bai faɗi na amaryar ba. Wanda ya zo daga baya, yana riƙe da wannan littafi a hannun dama da Tarihin Kano a hagu, zai ga amarya ba suna a nan, ga kuma ƙasaitacciyar mace ba sunan uba a can. Ɗinkin ba wuya. Haka nake zaton aka yi.

Sai dai ɗinkin ya bar zare a waje. Tarihin Sudan na Abdurrahman al-Sa'adi, mutumin Tumbutu, ya sa yaƙin Askiya da Katsina a wajejen 1513. Rumfa ya yi shekara goma sha huɗu a kabari a lokacin. Wanda ke kan gadon Kano Kisoki ne. Ko da an yi auren, Auwa ba amarya ba ce, kakar ango ce, ita za a kai wa amaryar gaisuwa. Shi kansa cin Kano ɗin ma akwai masu shakkarsa, irin su Humphrey Fisher da ya yi rubutu a kai a 1978, don mutanen Kano ba su rubuta shi ba.

Da na sake shiga Yamai na nemi dattijon, na zayyana masa tun daga 1493 har Benis. Ya saurara yana ɓare goro, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To, ɗana, ka ƙwace mini Auwa. Amma matar Kisoki fa?" Na ce, "Ita ma sai in an yarda da Hasan, Baba." Ya ce shi ya yarda da shi. Ya auna mini tattasai na jika guda, ya ɗauko uku na gyara, ya dube ni, ya mayar da biyu cikin kwando.