Tallafi ko Rabon Riba? Taƙaddamar Suna a Siyasar Caca ta Lardin Ontariyo

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa sunan da aka laƙaba wa kuɗin hukuma shi ke sa a ci gaba da biyansu ko a yanke su. Wannan maƙala ta ɗauko misali daga lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, inda aka yi ja-in-ja a kan kalma guda a shekarar 2012.

2.0 Tushen Al'amarin

Tun daga 1957 gwamnatin tarayyar Kanada take ba lardunan da kuɗin shigarsu ya gaza wani kaso da ake kira kuɗin daidaito, domin su iya yi wa jama'arsu hidima kwatankwacin ta sauran larduna. An shigar da wannan manufa cikin tsarin mulki a 1982, kuma ba a gindaya wa lardi sharaɗin yadda zai kashe kuɗin. Haka kuma, a 1985 tarayya ta sakar wa larduna ikon gudanar da caca, har ta zama musu babbar kafar samun kuɗi.

3.0 Injunan Caca a Filayen Sukuwa

A 1998 gwamnatin Firimiya Mike Harris ta amince a girke injunan caca a filayen sukuwa, bisa yarjejeniyar cewa kashi 20 cikin ɗari na abin da injunan suka tara zai koma ga masu filaye da masu dawaki. Wannan kaso ya kai kimanin dalar Kanada miliyan 345 a shekara. Ana cikin haka tattalin arziki ya karye, Ontariyo ta karɓi kuɗin daidaito karo na farko a 2009, dala miliyan 347, wato kusan daidai da abin da ke tafiya ga harkar sukuwa.

A 2012 gwamnatin Dalton McGuinty ta kira kason "tallafi", ta ce asibitoci da makarantu sun fi cancanta da shi. Masu dawaki kuwa suka dage cewa "rabon riba" ne, tun da a filayensu injunan suke, kuma ba daga haraji kuɗin ya fito ba. Kalmar gwamnati ce ta yi rinjaye, aka rufe shirin a ƙarshen Maris na 2013. Da koken yankunan karkara ya yi yawa, sai gwamnatin Kathleen Wynne ta ware wa harkar dala miliyan 500 na tsawon shekara biyar, wannan karon daga baitulmali kai tsaye.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa "tallafi" na nuna alherin da mai bayarwa ke da ikon janyewa, "rabo" kuwa na nuna haƙƙin abokin tarayya. Saboda haka wajibi ne mai fassara ko mai nazarin harshen siyasa ya lura da wanda ya zaɓi kalma, domin wanda ya raɗa wa kuɗin suna ya riga ya ci rabin shari'ar.