Talaucin Makamashi a Ƙasar Daura: Murhu, Ɗaki da Sanyin Hunturu

Talaucin makamashi shi ne halin da gida kan shiga idan ba zai iya samun abin dafa abinci, da hasken dare, da kariya daga sanyi ko zafi ba, sai ya taɓa kuɗin hatsi ko na magani. A Birtaniya an daɗe ana sanya gida a wannan rukuni idan yana buƙatar kashe sama da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu a kan makamashi, kuma a 1997 gwamnatin ƙasar ta fara ba tsofaffi kuɗin ɗumama gida. A masarautar Daura kuwa, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, ma'aunin yana tsakar gida, domin lantarkin da kamfanin KEDCO ke rarrabawa ba shi ke tuƙa tuwo ba, itace da gawayi da karan gero su ne ke riƙe da murhu.

Nauyin ya fi tsananta daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke sauko da ƙura daga Sahara, sanyin asuba ya addabi tsofaffi, da jarirai, da almajiran da ke kwana a zaure, da masu jego waɗanda wankansu kaɗai kan cinye itace mai yawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri ya tashi, kaya suka yi tsada, gidaje da dama suka jingine tukunyar gas suka koma ga gawayi. Kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, idan an rufe ƙofa da taga, yakan fitar da kabon monoksaid, wato iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana iya halaka mai barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Rabin matsalar kuwa yana jikin ginin kansa. Soron da magina na gargajiya suka tayar da tubali, suka rufe da azara da ƙasa, suka shafe da makuba, yana da bango mai kauri wanda ke shan zafin rana a hankali, sannan ya sake shi cikin ɗaki da dare, saboda haka yakan yi ɗumi da hunturu, ya yi sanyi da bazara. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba tare da silin ba akasin haka yake yi, domin kwano ba ya riƙe ɗumi kuma ba ya tare zafi. Gyaran gida don tattalin makamashi, a wannan yanki, ba ya buƙatar na'ura daga waje, abin da yake nema shi ne silin ko zana a ƙarƙashin kwano, da yaɓen bangon da ya tsage, da ƙyauren da ke rufuwa daidai, da kafar fitar hayaƙi a madafa, da bishiyar inuwa a tsakar gida.

Ɗaya rabin yana ga murhu da gona. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, yayin da ingantaccen murhu na laka ko ƙarfe ke tattara harshen wuta a gindin tukunya, ya rage itace da hayaƙi. Manoman Maraɗi, tun shekarun 1980, sun nuna cewa sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona tare da yi masa aski, yana samar da itacen girki ba tare da an kashe bishiya ba.

Rabon barguna da masu hali kan yi alheri ne, amma bargo kan tsufa, ɗakin kuma yana nan yadda yake. Zai fi amfani idan ƙananan hukumomi, da masu riƙe da zakka, da masu unguwannin da suka san gidan kowace gwauruwa da kowane tsoho, suka ware wani kaso don gyaran ɗakuna da murahu tun da kaka, lokacin da magini ke da sarari kuma sanyi bai sauka ba.